Kalmar da Muka Aro da Jelarta

Azare,
Jihar Bauchi.

Zuwa ga 'yata, mai sunan uwata, Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar hanya. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba, an ba ki ɗaki, an haɗa ki da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare mini ke a duk inda idona ba ya kaiwa, wato ko'ina ke nan, tunda kin san idon nan ko bakin zaure ba ya kaiwa sai da tabarau.

Ba zan ba ki labarin gida ba, yau kika baro shi, ba abin da ya canja. Za ki yi mamakin takarda a zamanin waya, za ki kuma yi mamakin inda kika tsince ta. Ga yadda aka yi. Ranar Talata na ɗauki akwatinki zan kai wa mai gyaran zif a kasuwa, sai na juye kayan a kan tabarma don kada in kai masa da su. A cikin wani tsohon hijabi da kika nannaɗe na ji abu mai nauyi. Roba ce fara, ba rubutu a jikinta ko ɗaya. Ban buɗe ba, hancina ya riga ya gaya mini. Na yi shekaru ina kwana ina tashi da warin nan a gidan nan, ƙamshi a sama, a ƙarƙashinsa wani abu kamar an jiƙa ƙarfe a ruwa. Na zauna a kan tabarmar har mai zif ya kusa tashi daga kasuwa.

Na mayar miki da ita yadda na same ta. Da na zubar, a Kano ba a rasa wata. Sau uku na yi niyyar kiranki in yi miki magana. Na ƙarshen kin shigo mini da shayi, na ɗaga kai na dube ki, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa sukari bai ji ba. Shekara talatin da wani abu ina tsaye gaban allo ina zuba surutu a kan 'ya'yan mutane, amma gaban tawa 'yar bakina ya mutu. Shi ya sa na koma ga biro. Ba faɗa zan yi miki ba. Na gaji, Ummi, kuma in kin karanta zuwa ƙarshe za ki ga ba ni da bakin yin faɗan.

Bari in fara ta inda na fi ƙarfi, wato kalma. Na san Malam Ƙamus ɗalibaina ke ce mini a bayan ido, na kuma san ke da ƙaninki kuna kirana haka a gida. Na yafe muku. Na san abin da za ki ce: Baba, wannan ai ba bilicin ba ne, gyaran fata ne, man fito da kala ne, wanke jiki kawai yake yi. Tunda nake ban taɓa jin macen da ta ce ita tana bilicin ba. Kullum wata ce ke yi, ta ƙasan layi. To ni yau da sunansa zan kira shi, in kuma gaya miki inda sunan ya fito.

Kalmar ta Turawan Ingila ce. Su bilic suke cewa, kuma ta daɗe a bakinsu tun kafin su san da zamanmu a duniya. Ma'anarta ta farko ba ruwanta da jikin mutum. Kalmar masaƙa ce da masu wanki. In sun saƙa yadi yakan fito da launin zaren da aka saƙa shi da shi, ba fari sosai ba, kamar dai saƙin kakanninmu. Sai su jiƙa shi a ruwan toka, su tsoma shi a nono mai tsami, su shanya a kan ciyawa rana ta yi ta dukansa, mako da makonni, wani lokaci watanni, har launin ya gaji ya sake shi. Wannan aikin shi ne bilic. Ki lura, ba a ƙara wa yadin komai, cire masa ake yi. Daga baya aka ƙirƙiro ruwan kwalba mai yin aikin watanni a yini guda, sai sunan ya koma kansa, daga kwalbar kuma ya iso gare mu.

Na bi dangin kalmar a babban ƙamus ɗin nan nawa da ɓera ya ci wa gefe, na tarar tana da 'yar'uwa, bilik. A da ana faɗar wannan ga fuskar da jini ya gudu daga cikinta. Yanzu ana faɗarta ga fili fetal, ba inuwa ba mafaka, ko ga rayuwar da ba a hango mata sauƙi a gaba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da yawa cikin masu bin asalin kalmomi suna ganin har bilak, wato baƙi, daga can ta fito, daga wani tsohon tushe mai nufin ƙuna da hasken wuta. Wuta tana haske in tana ci, in ta gama ta bar gawayi. Ba duka malamai suka yarda da wannan ba, suna ta musunsu. Ni dai na yarda, don na gani a gidana.

Saura guda, wadda ba a ƙamus na samo ta ba. Mu da muka tashi aro ba mu ɗauki kalmar tsurarta ba, da jelarta muka ɗauko ta. Wannan "in" da ke ƙarshen bilicin kin san shi, ni na koya muku a ajin farko na sakandare. Jela ce da Bature ke liƙa wa aiki don ya nuna ana cikin yinsa, ba a gama ba. Malaman nahawu za su ce tana kuma mayar da aiki ya zama suna, na sani, kada ki kama ni a nan. Amma duk wanda ya fara aro mana kalmar ya dace, ko da bai shiga aji ba. Ba a yin abin nan a gama. Ranar da aka tsaya fatar takan dawo ta fi da duhu, a ruɗe, a koma, a ce wa mai haɗawa ta ƙara masa ƙarfi. Wadda ta sayar miki da robar nan ta san haka sarai, shi ya sa ta yi miki fara'a.

Ni ba a littafi na fara sanin kalmar ba, a rigar kakanki Baffa na san ta. Shekarar da na fara koyarwa na je hutu gida Katagum, girman kai fal cikina. Baffa yana da babbar riga guda ta saƙi, ita yake sawa Juma'a. A masallaci na ga ta yi dishi-dishi a tsakanin fararen shaddodin mutane, kunya ta kama ni, wai uban malamin makaranta a haka. Na sayo kwalba daga nan Azare, ban tambaye shi ba, na jiƙa rigar a ciki yini guda. Ta fito fari fat. Ya karɓa, ya juya ta, ya sa. Juma'a ta uku, a ƙofar masallaci, ya ɗaga hannu zai saɓa rigar a kafaɗa, sai ta yage tun daga wuya har aljihu. Mutane suka kau da kai. Da muka dawo gida ya cire ta, ya ninke, ya ajiye a gabana.

"Malam," in ji shi, don tunda na fara aiki haka yake kirana in zai yi mini ba'a, "abin nan da ka wanke ba dauɗa ba ce. Haka aka saƙa ta."

Bai ƙara tayar da zancen ba har ya koma ga Allah. Shawarata gare ki a nan ƙarama ce. Kafin ki gyara abu, ki tabbata ya lalace. Ki kuma tambayi kanki kunyar wa kike ji, don rigar ba ta dami Baffa ba, ni ta dama. Da ina da hankali da wannan ya ishe ni har abada, amma darasin ya tsaya mini a kan tufa kawai.

Yanzu ki gyara zama, zan gaya miki abin da ba wanda ya taɓa gaya miki a gidan nan. Mamanki baƙa ce. Ba wankan tarwaɗa ba, baƙa, irin baƙin nan mai sheƙi da laushi, irin naki sak. Wataƙila kin taɓa ji a bakin wata tsohuwa in kun je Disina wurin danginta, kin ɗauka ruɗun tsufa ne. Gaskiya ta gaya miki. A haka na gan ta, a haka na so ta, na yi ta jele a kan babur tsakanin Azare da Disina har sai da aka ba ni ita.

Kin san mahaifiyata, mai sunanki, Bafulatanar Giade ce, fara sol, goggonninki duk ita suka ɗauko. Ni kaɗai na biyo Baffa. Na taso ana yi mini ba'a da launina a cikin gidanmu, har na ƙware, na koyi riga mutane yi. Da na yi aure sai na sami wadda zan juye wa. In an ɗauke wuta sai in ce ina kike, yi murmushi in gan ki. Ta yi dariya. Ni a ganina wasa ne irin na miji da mata. Sai bikin ƙanwata a Katagum, shekara guda da aurenmu. Mata suka fitar da anko na wata atamfa mai duhu. Na shiga cikin gida gaisuwa, tsakar gida cike, na hango Mamanki zaune a tsakiyar 'yan'uwana, na ce, "Wa ya zaɓi ankon nan? Ni ban gane inda atamfar ta ƙare amaryata ta fara ba."

Gida ya ɗauki dariya, har da masu tafi. Ita ma ta yi. Na fita ina jin ni gwani ne. A hanyar dawowa, tun daga Katagum har Azare, tana bayana a kan babur, ba ta ce uffan ba. Na ɗauka gajiyar biki ce.

Ummi, don mutum ya yi dariya tare da ke ba yana nufin ba ki soke shi ba. Wani dariyar yake yi don kada ya yi kuka a gaban jama'a. Kin ɗauko bakina, na sha jin ki kina tsokanar ƙawayenki suna ƙyaƙyatawa. Ki riƙa duba fuskar wadda aka yi da ita bayan kowa ya gama. In kuma da ke aka yi, saurayi ne ko ƙawa ko malami, kada ki taya su. Ki ce ba kya so, da murya a kwance, sau ɗaya. Da Mamanki ta ce mini haka wataƙila da na ji kunya na bari. Ban ce laifinta ba ne. Yarinya ce a lokacin, ba ta wuce shekarunki na yanzu da yawa ba, a gidan dangin miji.

Wata biyu bayan bikin na fara ganin canji. Akwai wata mata a bayan layinmu mai haɗa mai, can take zuwa. Kada ki ɗauka ban gane ba. Na gane, kuma ya yi mini daɗi. Wata safiya zan fita makaranta na dube ta na ce, "Kwanan nan kin yi kyau." Na faɗi munanan maganganu a rayuwata, amma babu wadda ta yi ɓarna kamar wannan, ga shi kuwa yabo ce. Fuskarta ta cika da murna. Tun aurenmu ban taɓa ce mata haka ba sai ranar, kin ga ke nan na nuna mata hanyar da ake samun wannan kalma a bakina.

Bai tsaya nan ba. Wata shekara za ni Kano duba takardun jarrabawa, ta ba ni wani ƙaramin kwali ta ce in sayo mata irinsa, mai haɗawar ta ce na can ya fi kyau. Na sayo. A mota, don rashin abin yi, na zaro 'yar takardar da ke ciki na karanta. Magani ne na cutar fata. An rubuta kada a shafa sai da izinin likita, kada a daɗe ana shafawa, kada a kai shi fuska, yana sa fata ta yi siriri. Turanci ne mai sauƙi, ɗan aji biyu zai fassara. Ni da nake zane yara a kan ba sa karanta umarni kafin su fara amsa tambaya, na dunƙule takardar na jefar ta taga kafin mu kai Wudil, na kawo mata man na ce ga saƙonki. Ita ba ta iya karanta Turanci sosai ba. Ta amince ne don ta hannuna ya biyo.

Za ki yi karatu a can, za ki san abubuwan da ban sani ba. Ki sani, ranar da iliminki ya gaya miki abin da ba kya son ji, ranar ce ya fi amfani, kuma ranar ce za ki fi son ki yi kamar ba ki gani ba. Na Mamanki ma ke nan da ya zo da takarda. Taki robar ko suna ba ta da shi. Wadda ta haɗa ba ta rubuta komai ba don kada a kama ta da komai, kuma in ta ce miki na gargajiya ne, ba sinadari a ciki, ki tambaye ta wace bishiya ce a dajin nan ke mayar da baƙi fari a mako biyu.

Lokacin da aka haife ki Mamanki ta riga ta yi fari, har sababbin maƙwabta suna ɗauka Bafulatana ce. Kin san jarirai duk da haske suke zuwa, kin kuma san abin da tsofaffin mata ke yi, su juya kunnen jariri su duba bakinsa, su duba gindin farce, wai nan launin gaskiya yake ɓuya kafin ya bazu. Ranar suna yayata, Goggonki, ta ɗauke ki a ɗaki cike da mata, ta lanƙwasa kunnenki, ta ce, "Af, wannan kam ba ta ɗauko uwa ba." Ina bakin ƙofa. Goggonki ta san gaskiya, da ita aka je ɗauko amarya, tsokana ce take yi. Rabin matan ɗakin kuwa ba su sani ba. Na ga Mamanki ta sunkuyar da kai, sai na yi sauri na ce, "Ni ta biyo." Aka yi dariya aka wuce.

Don in rufa mata asiri na yini ɗaya na faɗa, sai maganar ta zauna ta zama tarihin gida. Kina da shekara tara kika same ni ina gyara fitila a tsakar gida, kika ce, "Baba, me ya sa ban ɗauko Mama ba?" Na ce Allah ne ke rabawa. Kika tsaya kaɗan, kika tafi. Gaskiya na faɗa, amma na faɗe ta ne don in lulluɓe ƙarya, kuma wannan ya fi ƙarya tsurarta muni, don ba yadda za a yi yaro ya yi musu da ita. Shekara goma ke nan kina kallon mahaifiyarki kina ganin an yi rabo an tsallake ki. Ni na ɗora miki wannan. Ki guji ƙaramar ƙarya ta fita kunya, Ummi, tana daɗewa fiye da taron da aka yi ta dominsa.

Sai haihuwar ƙaninki Sadiku, da aka yi mata aiki. Ke kina wurin Goggonki, aka ce miki zazzaɓi ne ya riƙe ta a asibiti. Ba zazzaɓi ba ne, ɗinkin ne ya ƙi kamawa. Likitar, wata matashiya mai magana a hankali, ta kira ni gefe ta ce, "Malam, tana shafa wani mai ne?"

Na ce, "Man kaɗanya kawai."

Ta dube ni, ta dubi takardar hannunta. Ta ce, "Malam, fatar ba ta riƙe zare. In ka gaya mini abin da take shafawa da tsawon lokacin, zan san yadda zan ɓullo wa abin."

Na sake cewa man kaɗanya. Akwai wani tsohon ɗalibina yana aiki a wurin, yana tsaye kusa, ban so ya ji ba. Matata tana kwance ciki a buɗe, ni kuma ina tattalin mutuncina a gaban yaron da na koya wa rubuta wasiƙa. Sai da ɗinkin ya sake buɗewa, zazzaɓi na gaske ya shigo, sannan na je na sami likitar na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba. Na so a ce ta zage ni. Duk abin da za ki ɓoye a duniya, kada ki ɓoye wa likita, kuma duk kunyar da za ta sa ki bar mutum cikin ciwo ki watsar da ita a bakin ƙofa.

Allah Ya tashi kafaɗarta. Ta bar man daga nan, da taimakon likitoci, amma shi bai bar ta ba. Sauran kin gani da idonki, sunansa ne kawai ba a gaya miki ba. Baƙin tabon nan na kumatunta da muke ce muku ciwon fata ne. Jijiyoyin da ke kwance kore a hannunta. Nankarwar da ta hana ta sa riga mai gajeren hannu ko a cikin ɗaki. Yadda ba ta iya tsayawa kusa da murhu, yadda ɗan ƙarcen ƙofa ke zama mata gyambo na wata guda. Nikabin da take sawa in za ta fita da rana, mutane suna yaba mata tsoron Allah, tana da shi kuwa, amma rana ce ke ƙona ta. Rabonta da zuwa biki har na manta. Ni kuma nake kai ta asibiti in dawo da ita, maƙwabta suna cewa Malam akwai haƙuri da lalurar iyali. Duk ranar da aka faɗa sai in ji kamar in nutse. Na gaji da wannan yabon fiye da yadda na gaji da hanyar asibitin.

Ba zan yi miki ƙarya in ce duniya ba ta kallon fari ba. Tana kallo, ni ma na kalla. A Kano za ki ga 'yan mata suna ƙyalli, za ki ga hotunan waya da aka wanke har ba a gane mai su, za ki ga an wuce ki an gaida ta kusa da ke. Zai yi ciwo, ban da maganin wannan. Abin da na sani kawai shi ne wanda ya zo don abin da ke cikin roba, kullum sai kin ciyar da robar don ya zauna, kuma fata tana ƙarewa kafin buƙatarsa ta ƙare.

Ban san ko kin fara ba. Ranar shayin nan na saci kallon gaɓoɓin yatsunki, na ga har yanzu launinsu ɗaya da bayan hannun, na ɗan sami numfashi. In ba ki fara ba, kin san abin yi. In kin fara kin ɗan jima, kada ki yanke shi kwatsam ke kaɗai, wani irin yana tayar da fata in an bar shi rana ɗaya. Ki ɗauki robar ki kai wa likitan fata, ki faɗi gaskiya duka, ki bi abin da ya ce. In kina jin nauyin gaya mini a waya, ki ce kawai kin je ganin malamin nahawu, zan gane.

Ban so in aiko miki da sirrin mahaifiyarki ba da saninta ba. Jiya da hantsi na same ta a inuwar rumfa tana tsintar shinkafa, na zauna, na gaya mata abin da na gani da abin da na rubuta. Karo na farko ke nan da na furta kalmar nan a gabanta tun da muke. Ta ci gaba da tsinta, har na ɗauka ba ta ji ba.

Can ta ce, "Na riga ka gani, Malam. Tun watan jiya. Na rasa da wace fuska zan hana ta."

Ta ajiye farantin ta shiga ɗaki. Na ji tana jan tsohon akwatin lefenta. Ta fito da hoto guda, wanda aka ɗauke ta a Disina kafin aurenmu. Na ɗauka duk ta ƙone su tun tuni, ashe ta bar ɗaya. Ta riƙe shi nesa da ido, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Dubi yarinyar nan. Me ta rasa da muka yi mata haka?"

Muka, ta ce. Ta raba laifin biyu ta ɗauki rabi, alhali na san nawa ya fi. Na karɓi hoton na duba, sai ga ki, Ummi, ke ce zaune a kan kujerar mai hoto da ɗankwali a karkace, har ɗan ɗage haɓar nan da kike yi in an ɓata miki rai.

Na ce ko in mayar mata akwati. Ta ce a'a.

"Ka sa mata a cikin takardar. Ka ce mata ni tawa fatar ta tafi, ba ta dawowa. In ina son in tuna kamannina, ita nake kallo in ta juya tana shara. Ka ce don Allah ta riƙe mini ita."

Ga hoton nan a ninke a shafi na ƙarshe. Saƙon nata ne, ban ƙara ko harafi ba.

Mamanki tana gaishe ki, Sadiku ma yana gaisuwa. Ki kula da salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki kira mu in kin huta. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani da zuciyar aiki da shi. Allah Ya haɗa ki da masu tsoronSa, Ya kare ki daga sharrin baki, har da irin na mahaifinki. Ki yafe mini. Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke mu gane ki tun daga bakin ƙofa.

Wassalam.

Mahaifinki.